Zaɓi Ja, Shi Ne Na 'Yan Koyo

Akwai wani matashi a Dakoro mai suna Mamani, yana da rumfar sharjin waya a bakin kasuwar dabbobi. Farantin sola a kan rufi, benci a ƙasa, butar shayi kuma ba ta taɓa hucewa. Nan samarin unguwa suke fada, wato zaman hira da shan shayi.

A rumfar nan aka fara buga wani wasan waya da suke kira Yaƙin Ƙarfe. Jirginka ya faɗi a wata duniya mai rana biyu, ka fito da bindigar haske, mutanen ƙarfe suna farautarka ta kowace kusurwa. Ni da ba na yabon hannun kowa a wasa sai nawa, zan gaya muku gaskiya: Mamani ya iya. Har Kumandan suke ce masa. Matsalarsa guda ce, ba ya iya ganin mutum ya bar shi lafiya. Shi ne wanda zai zuba maka gishiri a shayi, ya zauna kusa da kai yana tambayar lafiyar iyali.

Wata ranar kasuwa, can ƙarshen rani, wani makiyayi mai suna Samba ya zo daga rugarsu ta wajen Bader Goula. Ya miƙa sabuwar waya a sa masa sharji, amma bai tafi ba. Ya tsaya yana murza sandarsa.

“Ɗan Hilani, mi ya faru? Saniya ta ɓata?” in ji Mamani, idonsa na kan wasa.

“A'a. An ce mini kai ne malamin wasan ga.”

Sai ya yi bayani a hankali. Wansa Jibril yana aikin gini a Aljeriya. Ya tafi ya bar masa shanu da tsohon mahaifinsu, kuma tun tafiyar maganarsu a waya ba ta wuce gaisuwa: ya shanu, ya tsoho, sai an jima. To shi ne Jibril ya aiko masa da wayar nan, da wasan a ciki. Ya ce idan Samba ya wuce ƙofar farko, wasan zai ba su damar shiga su biyu, su yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa suna hira. Ranar hutun Jibril ta dace da ranar kasuwar Dakoro, kuma ranar kaɗai Samba yake samun rezo, wato sabis ɗin waya, mai kyau.

“Ina so in wuce ƙofar kafin ruwa ya sauka,” in ji Samba. “In manoma sun yi shuka, arewa za mu yi da dabbobi. Can babu rezo sai bayan girbi.”

Duk wannan bayani, Mamani bai ji ko rabinsa ba. Abin da ya shiga kunnensa kawai: ga baƙo, rubutun wasan da Faransanci ne, kuma baƙon ba ya karatu. Ya kashe wa abokinsa Nafi'u ido.

“Matso nan. Ka ga waɗannan uku, kore, rawaya da ja? Zaɓi ja. Shi ne na 'yan koyo.”

Ja kuwa shi ne matakin wasan mafi tsanani. Shi kansa Kumandan ba ya taɓa shi sai ya ƙoshi.

“Wannan wurin da ake gwada maka yadda ake harbi, tsallake shi, na yara ne. In ka fito za ka ga wata 'yar tsuntsuwar ƙarfe tana binka. Harbe ta tun da wuri, 'yar rahoto ce.”

Tsuntsuwar nan ita ke warkar da kai idan an ji maka rauni.

“Sai na ƙarshe: kada ka ɓoye bayan bango. Wasan ga ya tsani matsoraci. Tsaya a fili, ƙirji waje.”

Samba ya maimaita su ɗaya bayan ɗaya don kada ya manta, ya yi godiya har da dafa ƙirji. Yana juya baya fada ta fashe. Nafi'u har ya zubar da shayinsa.

A lissafin Mamani abin ba zai daɗe ba. Ɗan gari idan ka yi masa haka, a take zai gane, ya dawo ya zage ka, ku yi dariya, a wuce wurin. Abin da bai tuna ba, shi da ke sana'ar sharji, shi ne a ruga babu wuta. Batir ɗin da Samba ya tafi da shi, shi ne na mako gaba ɗaya. Kuma Samba ba irin mutumin da zai zargi wanda ya kira malami ba ne. Idan abu ya ƙi, kansa yake tuhuma.

Da kasuwa ta zagayo, sai ga shi da cuku a naɗe cikin tsumma mai tsabta.

“Inna ta ce a kawo wa malam.”

“Madalla! Ya yaƙi?”

“Aradu, Kumandan, ina fitowa suke kashe ni. Ko taku kaɗan ba na yi.”

“Ka harbe tsuntsuwar?”

“Ita nake fara harbewa.”

“To hannunka ne bai faɗa ba. Kai da ka saba da sanda. Ci gaba.”

Aka raba cuku a fada, aka sha da shayi. Nafi'u ya laƙaba wa Samba suna Gawa Ta Dawo.

Haka aka yi ta yi. Kowace kasuwa Samba zai zo da cuku ko nono, da labarin yadda aka kashe shi. Ya daina kunna rediyon wayar, ya daina haska fitilarta, don batir ya isa wasa. Da rana tsaka, idan shanu sun kwanta, sai ya zauna ƙarƙashin itacen aduwa ya tsaya a fili, ƙirji waje, a harbe shi, ya sake. Idan Jibril ya kira ya ce, “Ka wuce?” sai ya ce, “Saura kaɗan.” Kunya ba ta barinsa ya ce ya kasa.

Sai ruwa ya sauka. Manoma suka fita shuka.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, Samba ya ajiye wayar tun da hantsi ya shiga sayen gishirin dabbobi da igiya. Wayar na kan allon sharji sai ta ɗauki ƙara. Mamani, da yake hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ya ɗauka.

“Ofishin Gawa Ta Dawo, wa ke magana?”

Sai wata murya a gajiye ta ce, “Jibril ne, wan Samba. Kai ne mai sharji?”

“Ni ne.”

“Don Allah, ɗan'uwa, tambaya zan yi maka, ka gaya mini gaskiya. Yaron nan yana buɗe wasan kuwa?”

Mamani ya gyara zama. “Yana buɗewa mana.”

“Kar ka rufa masa. Ƙofar farko ko yaro ya wuce ta a zama ɗaya. Kowace ranar hutu ina zaune ina jiransa, abokai su fita, ni ina riƙe da waya. Na san abin da ke ransa. Na tafi na bar masa wahala, ko sallama ta kirki ban yi masa ba. In ba ya son zama da ni, ya faɗa, in daina sa rai.”

Mamani ya buɗe baki zai yi magana, ya ga Nafi'u da sauran sun zuba masa ido suna jiran abin dariya. Ya ce, “Rezo ba kyau,” ya kashe.

Da azahar Samba ya dawo karɓar waya.

“Kumandan, sallama na zo yi. Gobe za mu ɗaura kaya. Ka yi haƙuri, ka sha wahalar koya mini, kaina ne ba ya ɗauka.”

Jama'a, ku lura da wannan wuri. Wayar cike take da wuta. Rezo na nan. Jibril yana can yana hutu, waya a hannu. Da Mamani ya ce, “Zauna, ƙarya na yi maka,” da kafin la'asar 'yan'uwan nan suna tare. Amma fada ta cika, kuma Kumandan bai saba sunkuyar da kai gaban yaransa ba.

“Allah ya kiyaye hanya,” ya ce.

Samba ya tafi. Nafi'u ya ɗaga hannu a tafa, Mamani bai miƙa nasa ba. Ranar ko shayi bai sha ba.

Gari na wayewa ya ari moto, wato babur, ya sa batirin ajiya a aljihu, ya kama hanyar Bader Goula. Ya yi ta tambaya har ya same su. An riga an kwance bukkoki, mata na ɗaura kaya a kan jakai, tsohon yana zaune a kan tabarma yana jiran a ɗora shi.

“Kumandan! Lafiya?”

“Ba lafiya ba. Samba, duk abin da na gaya maka ƙarya ne. Ja na gwanaye ne. Tsuntsuwar nan mai maganinka ce. Na yi ne don mu yi dariya.”

Samba ya saki igiyar kayan da ke hannunsa.

“Tun ranar farko?”

“Tun ranar farko.”

“Duk zuwan da nake yi, kuna dariya?”

“Muna yi.”

Samba bai zage shi ba, kuma Mamani ya so a ce ya zage shi. Samba ya juya ya ƙara ɗaure igiyar da ta riga ta ɗauru. Can ya ciro wayar ya miƙa.

“To gwada mini na gaskiyar.”

Suka tsuguna a inuwar jaki. Muryar Mamani ba irin ta fada ba ce.

“Kore za ka zaɓa. Ba abin kunya ba ne, ni ma da shi na fara. Wurin gwajin nan kada ka tsallake, nan za ka san wane yatsa ke tafiya, wane ke harbi. Bar tsuntsuwar ta bi ka. In ka ga fuskar waya ta yi ja, shiga bayan bango ka jira ta warkar da kai. Kada ka tsaya wuri ɗaya, harba ka matsa. Harsashi kuma ba a watsa shi, sai ka ga abu sosai. Ka ga fitilar can mai shuɗi? Taɓa ta, in an kashe ka daga nan za ka tashi, ba daga farko ba. Rage hasken wayar ma, batir zai fi daɗewa.”

Samba ya bi a hankali. Aka kashe shi, ya tashi a wurin fitila. Ya ɓoye, tsuntsuwa ta zagaye shi, ya miƙe. Kafin mata su gama ɗaurin kaya, wata babbar ƙofa ta buɗe a fuskar wayar, haske ya cika ta.

“Shi ke nan?” in ji Samba. “Wannan ce?”

“Ita ce.”

Suka hau wani tudu da gudu neman rezo. Ya kama kaɗan. Suka aika wa Jibril gayyata, shiru. Suka kira, wayarsa a kashe. Ranar aiki ce, yana can kan gini.

Daga ƙasa aka ƙwala wa Samba kira. Shanu sun riga sun miƙa, kuma ba a tsayar da garke a tsakiyar gonakin da aka shuka.

“Ku ƙara mako ɗaya mana,” in ji Mamani. “Zan riƙa kawo maka wuta har nan.”

“In shanu suka shiga shukar mutane, kai za ka tsaya gaban mai gona?”



Samba ya sa wayar a aljihu. “Abu ɗaya za ka yi mini. Ranar kasuwa ka kira Jibril. Ka gaya mishi da bakinka ba ƙin shi na yi ba. Ni in na faɗa, zai ce kara nake mishi.”

Ya faɗa masa lambar da ka, ya gangara ya bi dabbobinsa.

Ranar kasuwa fada ta cika kamar kullum. Mamani bai koma gefe ba. A gabansu ya kira, ya buɗe murya kowa na ji, ya faɗi komai: ja, tsuntsuwa, ƙirji waje, har da kashe wayar da ya yi. Nafi'u ya sunkuyar da kai.

Da ya gama, sai Jibril ya tambaya.

“Kana nufin duk lokacin nan yana gwadawa?”

“Kullum. Ko fitila ba ya kunnawa don batir.”

“Ni kuwa ina nan ina jin haushinsa. Maganar ƙarshe da muka yi da shi, ko tsoho ban tambaya ba, na kashe.” Ya ja numfashi. “Yaushe za su dawo?”

“Sai bayan girbi.”

“Ginin nan zai ƙare kafin lokacin. Ban san inda za a kai mu ba, ban san ko akwai rezo can ba.”

“Ka yafe mini, don Allah.”

“Yafiya mai sauƙi ce, ɗan'uwa, na yafe. Amma gaya mini, da ƙofar ta buɗe, ya yi murna?”

Mamani ya tuna fuskar Samba a inuwar jakin nan. Ba murna ya gani a kanta ba, sai mamakin sauƙin abin da aka hana shi. Jibril yana ta cewa, “Alo? Alo?” fada kuma tsit, babu wanda ya ko motsa kofi.

Darasi: Wanda ya zo ya ce maka “koya mini” ya ba ka amanar kansa ne, ko da abin wasan waya ne. Kai kana ganin raha ta ɗan lokaci, ba ka san abin da shi ya ɗora a kai ba. Ka gaya wa ɗan koyo gaskiya: ya fara da mai sauƙi, ya bi gwaji, ya ɓoye idan ya ji rauni. Idan kuma ka riga ka yi ɓarna, ka gyara a ranar da gyaran zai yi amfani, kada kunyar abokai ta sa ka kai gobe. Ku tura wa 'yan fadarku, musamman wancan da kuka sani, mai zuba gishiri a shayi.