Ƙanƙarar da Ta Narke a Kan 'Ya'yan Kifi

Akwai wata mata mai suna Filomina a garin Kollam da ke bakin teku. Shekara talatin tana tallan kifi, da ƙafa ta gaza sai ta samu aikin ciyar da 'ya'yan kifi a wata cibiyar bincike.

Kifayen ƙanana ne kamar ƙwayar shinkafa, sikeli ba ya nuna girmansu. Sai dai a ɗebi kaɗan a auna sinadarai biyu a namansu, DNA da RNA. Idan RNA ya yi yawa, kifi na ci yana girma. Idan ya ragu, yunwa ce.

Mai awon wani Dokta Sajiwan ne, sa'an ɗanta, amma ko gaisuwa ba ya amsawa.

Ran nan da tsakar rana ya ɗebi kifin tankin da Filomina ke ciyarwa ya zuba a akwatin ƙanƙara, ya ajiye a baranda ya tafi cin shinkafa da miyar kwakwa. Ta bi shi ta ce, "Yallaɓai, ƙanƙararka ta zama ruwa."

Ya ce, "Iya, nan ba kasuwa ba ce. Rubuta min RNA in gani."

Da awo ya fito, RNA ya faɗi warwas. A gaban ma'aikata duka ya ce kifayen yunwa suke ji, ita ke kwashe abincinsu tana kai wa masu kiwon jatan lande. Ya rubuta a kore ta. Tsohuwar da ba ta taɓa tauye mudu ba, yau ita ce ɓarauniya!

Filomina ba ta yi kuka ba. Ta tafi wurin shugabar cibiyar, Farfesa Ambika, ta ce ita ba ta san abin da suke aunawa ba. "Amma 'yata, a naman kifi yake ko? To, duk abin da ke cikin naman kifi, rana na cinye shi."

Farfesa kuwa ta san zafi na lalata sinadarin RNA. Ta sa a sake ɗiba tana tsaye. Filomina ce ta fasa ƙanƙarar, ta jera ta sama da ƙasa kamar yadda take wa kwandon tallanta.

Da sabon awo ya fito, kifin tankinta ya fi na kowane tanki girma.

Dokta ya kira Filomina ofis, ya rufe ƙofa, ya fara kame-kamen ban haƙuri. Ta buɗe ƙofar.

"Ba a nan ka ɓata ni ba, ɗana. Fito."

Haka ya fito gaban ma'aikata ya faɗa da bakinsa cewa shi ya bar ƙanƙara ta narke.

Darasi: Karatun da ya hana ka sauraron na ƙasa da kai, ragowarsa jahilci ne. Kafin ka kira wani ɓarawo, duba aikin hannunka. Ku tura wa duk mai ganin takarda ta ba shi izinin wulaƙanta mutane.