Kaskon da Aka Tono a Unguwar Nasara

A zamanin da, an yi wani sarki da ya haramta wiwi a ƙasarsa, ya ce duk gidan da aka ji warinta a kori mutanensa. Ana nan sai masu haƙar rijiya suka tono wani tsohon kaskon turare a harabar majami'ar Nasaran garin. Waziri, mai son a ga ƙwazonsa, ya sunsuna, ya ce lalle da wiwi kakanninsu suka yi ibada, don haka a tashi unguwar gaba ɗaya.

Sarki ya sa aka kira Tasalla, tsohuwa mai haɗa turare, wadda hancinta bai taɓa kuskure ba. Ta shigo fada, sai ga Barnaba, dattijon Nasaran, can a durƙushe, wanda shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Ta ɗora kaskon a kan garwashi. Ƙamshin lubban ya taso, a ƙarƙashinsa kuwa ga wani wari da ta sani. Tausayi ya kama ta, amma ba ta iya ƙarya ba.

"Ranka ya daɗe, akwai wiwi a ciki. Sai dai ina roƙo a kawo kaskon da ya fi tsufa a gidan nan, in gwada hancina."

Aka kawo na kakar sarki. Da ya ji wuta, warin nan dai ya cika zaure. Waziri ya shiga gyaran rawani ba dalili.

Sarki ya shaƙi warin. Can ya ce, "Na tuna. Kakata takan turara wiwi a cikinsa in ciwon gaɓɓai ya tasar mata."

Tasalla ta ce, "Allah ya ba ka nasara, yumɓu yana riƙe abin da aka ƙona, amma bai san wanda ya ƙona ba, balle niyyarsa. Ko ibada suka yi, ko jinya, waɗanda suka sani suna ƙasa. In za a tashi gida saboda kasko, gida biyu ne."

Sarki ya dubi kaskon kakarsa, ya dubi Barnaba. Ya ce, "Dattijo, ɗauki naka ka koma gida. Ku ƙarasa rijiyarku."