Barmo da Madatsar da Babu

Mutanen Gangaren Tsamiya sun so su datse rafinsu su samu lantarki, sai suka tura Barmo mai injin niƙa neman lasisi. Shi kuwa Daraktan ofishin surukinsa yake so ya ba wa wurin.

Darakta ya ce, "Doka biyu ce. Ba a aza tubali sai da lasisi, kuma ba a ba da lasisi sai na duba madatsa na ga ba ta da aibi. Wa'adinku Juma'a."

Barmo ya sosa ƙeya. "To Yallaɓai, zo ran Alhamis ka duba."

Ran Alhamis sai ga Darakta a motar gwamnati, yana murnar zai kama masu laifi. Barmo ya kai shi bakin rafi a gaban jama'a.

"Ina madatsar?"

"Duba dai, Yallaɓai. Ka ga tsaga?"

"A'a."

"Yoyo fa?"

"Ina zan ga yoyo a abin da babu?"

"Alhamdulillahi! Ba mu yi gini ba lasisi ba, ka kuma duba ba ka ga aibi ba. Saura sa hannu."

Darakta ya harzuƙa. "Wannan ai ba duba ba ne!"

"Af, ashe! To in Kwamishina ya tambaya me ya kawo motar gwamnati garinmu, me za mu ce? Ko mu ce ragon da Maigari ya ɗaure maka a bayanta ka zo ɗauka?"

Daga bayan mota rago ya ce, "Meee!"

Darakta ya share zufa, ya ce, "Wa ke da biro?"