Labule a Kan Akushi

A zamanin da, tun kafin kakannin kakanninmu su zo duniya, an yi wani sarki wanda babban kogi ya raba ƙasarsa da ta wasu mutane masu harshe dabam da al'ada dabam. Ƙasashen biyu sun daɗe suna yaƙi, har aka manta abin da ya haddasa shi. Gonakin bakin kogi suka koma daji, masunta suka jingine jiragensu. Da sarki ya gaji da binne samari, sai ya sa aka yi shela: duk wanda ya kawo manzannin mutanen ƙetare a zauna a yi sulhu, za a ba shi alkyabba da wurin zama a hannun damansa.

Waziri Mantau ya ji shelar ya yi murmushi, don a ganinsa ba mai iya wannan aiki sai shi. Yana cikin lissafin yadda alkyabbar za ta zauna masa, sai ga wani madugu mai fataucin kanwa, wai shi Cindo, ya shigo gari da manzanni a bayansa, dattijo Gana ne shugabansu. Sarki ya yi murna, ya jawo Cindo kusa, yana ta ce masa "abokina" a gaban fadawa. Duk sanda kalmar ta fito, sai Waziri ya ji kamar an ɗora masa garwashi a ƙirji. Shekara da shekaru yana durƙuso a gaban karagar nan, ba a taɓa kiransa haka ba, sai yau ga mai warin jakuna.

To, akwai abin da Waziri ya sani wanda ba wanda ya sani a fada. Yana saurayi an taɓa kama shi a yaƙi, ya zauna a ƙetare kafin a fanso shi. A can, mai gida da baƙo hannu ɗaya suke sawa a akushi. Wanda aka ajiye wa abinci aka juya masa baya, to, ko mai laifi ne ko wanda ake ƙyama. Cindo kuwa a kasuwa ya saba da su, inda kowa ke ci da kowa, bai taɓa sanin abin yana da nauyi haka ba.

Sai Waziri ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a karrama baƙin nan yadda muka gada. A kai musu abinci masauki, a janye kowa, su ci su sake."

Aka yanka raguna, aka kai tuwon shinkafa da fura, bayi suka ajiye suka fita. Da yamma aka kwaso akusan yadda aka kai su. Washegari ma haka. Waziri ya riƙa bin fadawa yana cewa, "Kun ga baƙin abokin sarki? Ko tuwonmu sun raina." Ya ga Cindo yana safa da marwa, fuska duk ta faɗa, sai ya ji sanyi a ransa.

Ana nan sai dattijo Gana ya zo fada, ya ce a ba su jirgi su koma, kowa ya wasa mashinsa. Sarki ya tambayi laifin da aka yi musu.

Gana ya ce, "Mun zo da farar zuciya, aka ciyar da mu kamar waɗanda za a kashe. Ba ma sulhu da wanda bai sa hannu a akushinmu ba."

Sarki ya ce, "Mu kuwa muna barin baƙo ne don ya ƙoshi ba tare da kunya ba."

Dattijon ya ce, "Mu kuma muna zama da shi ne don ya ƙoshi ba tare da tsoro ba. Ashe duk cikin baƙo muke nema wa daɗi." Ya waiga, idonsa ya sauka a kan Waziri. "Amma wannan mai babban rawani ai Mantau ne. A gidan mahaifina ya zauna, ni da shi muke warwason ƙashin kifi. Bai gaya muku ba?"

Sarki ya dubi Waziri ya daɗe, sannan ya ce, "Ka sani, ka yi shiru. To, ga aikinka. Ba a ganin sarki yana ci, kuma ba zan karya wannan ba. Baƙina kuwa ba za su tafi ba mu ci tare ba. Ka samo hanya kafin rana ta faɗi, in ba haka ba a kwance maka rawani."

Waziri ya fita yana neman dabara. Ba rawanin ne kaɗai ya dame shi ba. Ya hangi Cindo a zaure ya yi tagumi yana tunani, sai tsoro ya kama shi kada madugun ya riga shi. Wannan tsoron ne ya wasa masa basira. Kafin la'asar ya komo ya ce a kawo akushi babba a ajiye a tsakiyar ɗaki, a rataya labule ya ratsa ta kansa, ya tsaya kaɗan bai taɓa tuwon ba.

Sarki ya zauna a wannan gefe, Gana a wancan. Ba wanda ya ga bakin wani, amma hannuwansu suka haɗu a cikin miya. Aka ji dattijon yana dariya yana cewa, "Mai gida, wannan tsokar tawa ce, na riga ka." Sarki ya ce, "A ƙasata kake, sakar mini." Kafin a wanke hannu an gama sulhu.

Da aka koma fada, sarki ya yafa wa Cindo alkyabba. Ya ce da Waziri, "Dabararka ta ceci rawaninka, amma ba ta wanke zuciyarka ba. Daga yau kai da Cindo akushi ɗaya za ku riƙa ci, kuma ku ba labule."

Haka aka yi. A zaman farko Cindo ya tura masa tsokar da ta fi girma, ya ce, "Bismillah, ranka ya daɗe." Waziri ya ɗauka yana tauna, yana cewa a ransa, "Dubi wannan, har a kyauta ma sai ya fi ni." Amma ya cinye, kuma ya dawo washegari.