Yajin Aikin Taurarin Kogi

Akwai wani ɗan ƙwallo a Haɗeja mai suna Zaharaddeen. Shi ne kyaftin ɗin Taurarin Kogi, kulob ɗin da Alhaji Fannami, wani babban dillalin shinkafa, ya mallaka.

Da kulob ɗin ya samu hayewa rukuni na gaba, sai fili ya fara cika maƙil. Har daga Guri mutane ke zuwa kallo. Kuɗin ƙofa ya ƙaru, amma albashin 'yan wasa yana nan inda yake.

Ana haka gola Sunusi ya karye a tsakiyar wasa. Kulob bai ba shi ko sisi ba. Babur ɗinsa ya sayar ya biya kuɗin ɗori.

Zaharaddeen ya je gaban Alhaji a madadin 'yan wasa, ya roƙi a ba su kaso a kuɗin ƙofa, a kuma riƙa ɗaukar nauyin wanda ya ji rauni.

Alhaji ya yi dariya. "Ku da na tsinto kuna buga ƙwallo ba takalmi? Wanda ba zai iya ba ya ajiye jesina."

Washegari babu wanda ya fito atisaye.

Wasu daga cikin 'yan wasan suka ce a je a fasa siton shinkafar Alhaji. Zaharaddeen ya hana. "Gaskiya ce da mu. Ranar da muka taɓa kayansa, mun zama ɓarayi."

Ana saura kwana kaɗan a buga wasan gida, Alhaji ya kira shi shi kaɗai.

"Ɗana, na san ambaliya ta cinye gonar mahaifinka bana. Zan ninka maka albashi, in aika masa da buhunan shinkafa. Kai dai ka dawo fili, sauran za su biyo ka."

Maganar ta taɓa shi, don da gaske gidansu babu hatsi.

"Ranka ya daɗe, na gode. Amma ban san da wane ido zan kalli Sunusi ba."

"To, ka jira ka gani."

Alhaji ya aika garin Miga aka ɗebo wasu 'yan ƙwallo su maye gurbinsu. Ranar wasa Zaharaddeen da abokansa suka zauna a ƙarƙashin darbejiya a bakin fili. Idan baƙin nan suka buga, shi ke nan, ya jawo wa mutanensa asarar aiki.

Babban cikin baƙin, wani dogo mai suna Ari, ya hango Sunusi da sandar dogarawa. Ya matso ya yi sallama.

"Malam, me ya samu ƙafar?"

Sunusi ya ba shi labari. Ari ya koma wurin mutanensa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sai ga shi ya tattaro jesunan ya miƙa wa koci.

"A ba Alhaji haƙuri. Ce mana aka yi 'yan wasansa sun gudu. Ba a faɗa mana wannan ba."

'Yan kallo sun riga sun cika fili, sun fara ihu. Alƙalin wasa ya ce idan ba a fito ba zai ba wa abokan hamayya maki.

Alhaji Fannami ya tako da kansa har gindin darbejiyar, gumi ya jiƙa masa hula.

"Zaharaddeen, me kuke so?"

Wani ɗan wasa ya fara yi wa Alhaji baƙar magana, kyaftin ya ɗaga masa hannu ya yi shiru.

"Abin da muka roƙa tun farko, Alhaji. Ba mu ƙara komai ba. Sai dai a faɗe shi a gaban shaidu."

Aka kira dattawa biyu daga cikin 'yan kallo. Alhaji ya amince da kason, ya kuma yi alkawarin ɗaukar jinyar Sunusi.

Zaharaddeen ya sauke ajiyar zuciya. Ya durƙusa ya ɗaure takalmi.

Sun sha ci ɗaya a ranar, saboda ƙafafu sun yi nauyi da rashin atisaye. Amma da waƙa suka fita daga fili. A ƙarshen watan, kowa ya karɓi kasonsa.

Darasi: Idan kana neman haƙƙinka, kada ka ɓata shi da ɓarna, kuma kada ka sayar da 'yan uwanka don a cika maka aljihu kai kaɗai. Kai kuma mai gida, ka tuna da gumin waɗanda ke ƙarƙashinka tun kafin a tilasta maka. Ku tura wa wasu su ma su amfana.