Jar Fitilar Da Ba Ta Kama Ba

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na Brezik, can saman garin Olovo, sunansa Nermin. Shekara bakwai ya yi yana aikin gini a Ostiriya. Da ya dawo gida, ya taho da wata tsohuwar mota mai lafiyar inji, wadda ba ta taɓa ba shi kunya a hanya ba.

Abu ɗaya ne yake damunsa da ita: allon mita da ke bayan sitiyari. Ya dushe, allurorinsa farare irin na da. In ya je shan gahawa abokansa sukan leƙa ta taga su ce, "Nermin, wannan ai motar kai kabeji kasuwa ce." Yakan yi dariya, amma abin yana cinsa.

Wata Asabar ya je inda ake kwance motocin da suka yi hatsari, ya ga mitar wata ƙirar daban, irin ta masu son gudu. Allurori jajaye, lambobi har ɗari biyu da tamanin. Ya saya marka ɗari da hamsin, kuɗin ƙasarmu, ya nufi garejin Hairudin, wanda ake ce wa Maistor, wato Oga.

Hairudin tsohon rewaya ne, kuma abokin Shefik ne, mahaifin Nermin, tun suna samari. Ya juya mitar, ya sa tabarau ya ƙirga ƙafafun soket ɗin, sannan ya ajiye ta a tebur.

Ya ce, "Ɗana, mayar musu da kayansu."

"Me ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta. Ba ta motarka ba ce. Allurar gudu za ta yi aiki, gejin mai ma in an lallaɓa zai yi. Amma wayar fitilar baƙin mai ba ta da mazauni a nan. Ranar da baƙin mai ya zube, motar ba ta da yadda za ta gaya maka."

"Haba Maistor! A Ostiriya kowa yana sa wa motarsa irinta."

"To kai ta Ostiriya su sa maka."

Mutum biyu da ke jiran gyara suka tuntsire da dariya. Nan ran Nermin ya ɓaci. Ya ɗauki mitarsa ya ce, "Ka ce ba ka iya ba kawai. Kai tun zamanin Yugoslabiya kanka ya tsaya, har yau bai motsa ba."

Hairudin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ubanka muka yi soja. Don shi na tsaya ina yi maka bayani."

Nermin ya ja motarsa ya koma wurin masu kwance motoci. Akwai wani Kemo a can, wanda ba ya ce wa kowane aiki a'a. Cikin awa biyu ya yanke nan, ya haɗa can. Waya ɗaya ta rage a hannunsa, ya naɗe ta da baƙin tef ya cusa ta ciki.

Nermin ya ce, "Wannan fa?"

Kemo ya ce, "Rara ce. Kowace mota tana da rarar waya."

Gaskiya mitar ta yi kyau. In ya murɗa makulli allurori su zagaya su dawo, fitilu su haska gaba ɗaya. Saboda yawansu bai taɓa lura cewa guda ba ta cikinsu ba. Abokai suka daina tsokana. In ya zo wucewa ta gaban garejin Hairudin, sai ya taka totur don tsohon ya ji.

Haka aka yi wata huɗu.

Ranar wata Talata a watan Nuwamba, bayan azahar, Shefik yana jera itacen hunturu a bayan gida sai ya dafe ƙirji ya durƙusa. Matarsa Zumra ta fasa ihu. Nermin ya kira motar asibiti, aka ce tana wani ƙauye, sai nan da awa guda. Ya ce ba zai jira ba.

Suka kwantar da tsohon a kujerar baya. Sabaheta, matar Nermin, ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta. Zumra ta tsaya a ƙofa da ɗankwali a hannu, ko takalmi babu.

Hanyar Brezik kun san ta, duwatsu ce har ƙasa. Nermin yana gudu, a kwana ta uku ƙasan motar ya daki wani dutse. Ƙarar ta girgiza su duka.

Sabaheta ta ce, "Tsaya ka duba!"

Ya kalli mitar. Ba jar fitila ko ɗaya. Ya ce, "Lafiya lau take."

Da suka sauko mararraba, inda gidan mai yake, ga tasi biyu a tsaye, direbobin suna cin burek, wato fanken nama, a jikin bango.

Ta sake cewa, "Nermin, ga tasi. Mu sauya mota. Ni ina jin ƙauri."

"Kafin mu ciro shi mu sa a wata motar mun ɓata minti biyar. Da wani abu ya fashe da fitila ta kama. Riƙe shi kawai."

Ya hau kwalta ya taka.

Kilomita bakwai suka yi. Sun shiga tsakiyar kwazazzabo, dutse a dama, kogi a hagu, sai injin ya fara ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Ya yi tari sau biyu ya mutu. Nermin ya murɗa makulli, ya sake murɗawa. Mitar ta haska tas, injin ko motsi.

Ya fito. A bayansu, kan kwalta, ga ɗigon baƙin mai jefi-jefi har inda ido ya ƙare.

Ya zaro waya, ba sabis. Ya ruga gaba, ya dawo ya ruga baya, yana ɗaga ta sama. Ya hau dutse har tafin hannunsa ya tsage. Ba sabis, ba mota.

Da ya dawo ya buɗe ƙofar baya, Shefik ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Ɗana, me ya sa muka tsaya?"

"Yanzu za mu tafi, Babo."

"To," in ji tsohon. Bai ƙara magana ba.

Sai bayan minti arba'in wata babbar motar katako ta ɓullo. Direban ya taimaka aka ɗora Shefik a gaba. Kafin su kai ƙofar asibiti Sabaheta ta ji hannunsa ya saki nata.

Likita ta ce, "Da kun zo da wuri, wataƙila. Ba zan iya ce muku tabbas ba."

Hairudin ne ya je da kansa ya jawo motar, ba wanda ya aike shi. A jana'iza yana cikin masu ɗaukar makara. Bai ce wa Nermin komai ba sai gaisuwa.

Bayan kwana bakwai Nermin ya je garejin. Tsohon ya haska masa ƙasan injin, ga rami a tukunyar baƙin mai, babban yatsa zai shiga. Sannan ya zura hannu bayan mitar ya jawo wayar nan mai baƙin tef.

Nermin ya ce, "Maistor, gaya min gaskiya. Da fitilar ta kama?"

"Da kafin ka kai gidan mai ta kama."

"Da ya rayu?"

"Wannan ba sanina ba ne. Ni waya na sani." Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. "Ni ma ina da nawa. Ranar da ka zage ni fushi na yi. Da na hau Brezik na gaya wa Shefik, da ya sa ka cire ta. Ban je ba."

Nermin ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi ta kuka, tsohon yana tsaye a kansa.

Da ya koma gida ya tarar da mahaifiyarsa tana wanke kofunan gahawa na masu ta'aziyya. Ya durƙusa ya gaya mata komai: mitar, gargaɗin, zagin, tasin da ya ƙi tsayawa ya shiga. Ta saurare shi har ƙarshe, hannunta a cikin ruwa.

Ta ce, "Ajalinsa ne ya zo. Na yafe maka, kuma na san shi ma da ya yafe." Ta ɗauki wani kofin ta ci gaba da wanki.

Ba ta sake tayar da maganar ba. Tana dafa masa abinci, tana yi masa addu'a. Bayan shekara guda ya sayi wata motar, wadda bai taɓa mata ko ƙusa ba. Ranar farko ya tsayar da ita a ƙofa ya ce, "Mama, zo in kai ki gari."

Ta ce, "Je ka abinka, ɗana. Bas zan bi."

Yau shekara uku ke nan. Duk Alhamis takan taka da sanda har mararraba ta jira bas, a ruwa ko a ƙanƙara. Shi kuma yakan biyo ta a baya a hankali cikin motar, ba kowa a ciki sai shi.

Darasi: In wanda ya san aikinsa ya ce maka kada ka yi, ka tsaya ka ji dalilinsa, ko da maganar ta yi maka ɗaci a gaban mutane. Kada son burgewa ya sa ka cire abin da aka sa don ya yi maka gargaɗi, domin ba kai kaɗai ne a cikin motar ba. Ku tura wannan labari ga duk mai mota da kuka sani, musamman wanda ba a isa a gaya masa ba.