Garin da Lai'atu Take Sharewa

An yi wani mutum a Jos Jarawa, ba zan faɗi sunansa ba, yana nan da ransa. Da ya tashi rufin gidansa, sai ya tafi kasuwar Katako wurin abokinsa Jeffrey mai sayar da katako, wanda suke waƙa tare a coci. Ko duba katakon bai yi ba, aka loda masa.

Kafintansa, Malam Shu'aibu, ya buga ƙusa ɗaya, ta shige kamar a dafaffiyar doya. Ya ajiye guduma ya ce, "Oga, katakon nan ƙwaro ya cinye cikinsa. Ba zai ɗauki rufi ba."

Mutumin ya ce, "Ɗan'uwana a cikin Ubangiji ne zai cuce ni?" Ya sallami Shu'aibu, ya kawo wanda ba zai yi masa musu ba.

Suka tare. Kowace safiya matarsa Lai'atu tana share wani gari mai laushi da ke zubowa daga sama. Ta tara a tafin hannu ta nuna masa, ya ce mita ce irin ta mata. Ba wai bai gani ba ne, ya gani sarai. Amma ya yarda Shu'aibu ya fi shi gaskiya? Ina! Gara rufin ya zauna a kan iyalinsa.

Damina ta biyu, ranar Lahadi da yamma, aka yi ruwa da iska. Babban katakon tsakiya ya karye, ya sami Lai'atu a baya. Tsintsiya na hannunta.

Jeffrey ya zo asibiti sau ɗaya. Ya ce, "Haka Allah ya so," ya tafi.

Ya 'yan'uwa, Allah ne ya so? Allah da ya aiko kafinta, ya aiko mata, ya zubo gargaɗi a ƙasa kowace safiya? Maganar Allah ta ba mu labarin wani gwamna da aka ce masa wane na shirin kashe ka, ya ce ƙarya ake yi masa, suka zauna cin abinci tare, bai tashi daga wurin ba. Wanda ya dogara ga mutum ya toshe kunne, ba bangaskiya yake yi ba, girman kai ne.

Lai'atu ba ta sake takawa ba. Yanzu shi ke share ɗakin kowace safiya, tana zaune tana kallonsa.

Allah ya kiyaye mu da kunnen ƙashi, ya sa mu ji tun gari ne ke zuba. Amin.